Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Bushin Injin Mota

Zuwa ga Malam Bushin,
Mai zama tsakanin inji da shasi,
Ƙarƙashin bonet.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana nan daram a mazauninka, ko da yake ƙarar da nake ji kullum in na tayar da mota ta sa ina shakkar hakan, na rubuto ne a madadina da sauran 'yan uwana masu tsofaffin Golf da ke jigila tsakanin Kusada da Kankiya da Ingawa. Ƙorafi muke da shi, kuma mun gaji da yi wa salansa faɗa kan laifin da kai ka aikata.

Ka san halinka. Roba ce kai, ba ka cika tafin hannu ba, ga ɗan bututun ƙarfe a cikinka inda ƙusa take bi. Aikinka guda ne: ka riƙe inji kada ya yi tsalle, kuma ka shanye karkarwarsa kada ta iso kujerar fasinja. To amma in za ka mutu ba ka sallama. Sai dai mutum ya saki kuloci ya ji gum daga gaba, ya ɗaga ƙafa daga totur ya sake jin gum. Bayan nan sandar giya ta fara rawa ita kaɗai, wata rana ma ta fice daga giya ta biyu ana tsakiyar gargada. Sai wuyan salansa ya tsage, a kai wa mai walda ya like, ya sake tsagewa a wuri guda. Sai tiyon lagireto ya fara ɗiga. Duk an kashe kuɗi a kan waɗannan bayin Allah, kai kuwa kana can ƙasa ka yi lamo, a dagargaje.

Don kada ka ce ban yi maka adalci ba, na san ba kai ka ɗora wa kanka wannan wahala ba. Zamanin Fijo 504 da ake haɗawa a Kaduna da Bitil da ake haɗawa a Legas tun daga 1975, inji a miƙe yake bisa tsawon mota, kuma naku aikin da sauƙi-sauƙi. Wani injiniya ne a Ingila, Alec Issigonis, ya fito da ƙaramar motar nan Mini a 1959, ya kwantar da inji a gicciye don ya samar wa mutane wurin zama, ya kuma sa tayoyin gaba su ja motar. Tun daga nan duk ƙarfin da ke juya taya sai ya dawo yana neman kifar da injin gaba ko baya. Shi ya sa aka yi wa Mini wani ɗan hannu na ƙarfe daga inji zuwa bodi, da irinka a kowane baki. Golf ta bi wannan tsari, ta biyunta da ta fito a 1983 injinta na zaune ne a kan kujeru uku na roba, waɗanda bakanikenmu ke ce wa injin sit. Jamusawan da suka auna taurinka mutum biyar suka lissafa da 'yan jakunkunansu. Ba su lissafa biyu a gaba, huɗu a baya, buhunan gero a but da akuya a kan buhunan ana neman kasuwar Caranci ba. A nan kam an zalunce ka.

Babban ƙorafina shi ne ku huɗu ne kuke amsa suna ɗaya. Mutum ya tashi daga Kusada ya fito Gidan Mutum Ɗaya, ya kama titin Kano har Ƙofar Ruwa, ya ce a ba shi bushin inji, sai mai shago ya ce, "Wanne, Alhaji?"

Akwai ɗan Beljiyam, wanda aka ciro daga motar da ta gama zamaninta a Turai. Ana girmama shi ƙwarai, kuma in ƙarfe ne, kamar giya ko kan inji, girman ya dace. Amma roba tana tsufa ko ba ta aiki. Wanda aka ƙera tare da motar ya girmi yaron da zai ɗaura shi. In ka lanƙwasa shi da liba ka ga tsaga-tsaga a jikinsa, to mai shago ya riƙe abinsa.

Akwai sabo dal mai araha, a cikin leda mai sheƙi da rubutun Jamusanci. Wannan baƙi ne wuluk, yana ƙyalli, kuma ka danna shi da farce ka ji shi ko dai lugub ko kuma ƙandas. Sau da yawa damina ɗaya ba ya gani, robar ke rabuwa da ƙarfen. Araha ba ta ado, ba ta kuma riƙe inji.

Akwai na gida, wanda masu hikima ke yankawa daga tsohuwar tayar babbar mota. Wallahi ina jinjina wa masu wannan sana'a, wuƙa da tsinken ƙarfe kawai, su fitar da abu daidai ramin. Ya fitar da mutane da yawa kunya a hanya, kuma ba ya mutuwa da wuri. Illarsa dai an yi taya ne don ta jure kwalta, ba don ta lallashi inji ba. Da an ɗaura shi sai sitiyari ya kama ɓari, madubi ya daina nuna komai sai inuwa, tsohuwar da ke kujerar baya ta ce, "Ɗan nan, injin markaɗe muka hau?" Irin wannan ciwo ne ke damun masu tsohuwar Mini a Ingila da nasu bushin mai tauri na foliyuritan, mai launin ja ko shuɗi: inji ya tsaya cak, giya ta shiga tsaf, amma karkarwar da aka hana shi sai ta koma kan bodi da kafar da aka ɗaure shi, wata rana ƙarfen ne zai tsage.

Na huɗun shi ne kai na gaskiya, sabuwar roba mai nauyi a hannu, wadda in an danna ta take ba da kai kaɗan ta dawo. Kai ne mai tsada, kuma kai ne ake cewa sai an aika a kawo. Abin haushi, ga itacen roba a Edo da Delta da Kuros Riba, ga cibiyar binciken roba a Iyanomo kusa da Benin, amma Michelin da Dunlop sun daina yin taya a ƙasar nan tun 2007 da 2008, kai ma yawanci sai ka ƙetaro teku kafin ka iso mu.

Yanzu ga abin da muka yanke game da ɗaurinka, don ka shaida. Ba za a sa ka ba sai an toshe yoyon baƙin mai da ke ɗiga a kanka, tunda shi ne ke kumbura roba ya mayar da ita danƙo. Za a tallafe inji da jak, a sa katako tsakani don kada a lotsa tukunyar mai. Yaron gareji ba zai shafa maka baƙin mai ko giris don ka shige da sauri ba, ruwan sabulu ya isa. Ba za a dake ka da guduma ba, za a matsa ka da doguwar ƙusa da wosha ko a bais, a hankali. In hannu ne mai baki biyu, za a canja ku duka, don sabo ba ya daɗewa kusa da matacce. Kuma ba za a ɗaure noti tamau ba sai an sauke jak, an girgiza inji ya zauna a mazauninsa. Wanda aka ɗaure a murɗe, a murɗe zai rayu har ya yage. Ogan gareji ya ce wa yaronsa, "Kai, sassauta, bari ta sauka tukun," to ya ci kuɗin aikinsa.

Mu ma za mu riƙa duba ka. A buɗe bonet, a ja birkin hannu, mutum ya tsaya a gefe, ba a gaban mota ba, direba ya sa giya ta ɗaya ya ɗan saki kuloci, ya koma ribas ya sake. In inji ya ɗaga kai kamar raƙumi zai miƙe, to ka tafi.

Roƙonmu gare ka ɗaya ne. In ajalinka ya zo, ka yi haƙuri ka kai mu Kankiya ko bakin titin Gidan Mutum Ɗaya inda ake samun bakanike, kada ka cika a tsakiyar gonakin mutane da magariba, ga fasinja shida kowa na neman a mayar masa da kuɗinsa.

Ka gaishe da shokazoba, ka ce mata tata wasiƙar tana nan tafe. Wassalam.

Naka,
Wani direban Golf daga tashar Kusada.