Kunnenka Nawa? Yadda Mai Kaji Ya Ɗauke Kocin Kentucky

Ku matso kusa, wannan magana ba ta lasifika ba ce. A Lexington, garin dawakin sukuwa na jihar Kentucky a Amurka, idan ka tambayi mutane wa ya raba John Calipari da kujerarsa ta kocin ƙwallon kwando bayan shekara 15, amsa biyu za ka ji. Wasu su ce Oakland ce, ƙaramar jami'ar nan ta Michigan da ta yi waje da su a wasan farko na gasar ƙasa ranar 21 ga Maris, 2024, da ci 80 da 76. Wasu kuma su rage murya su ce 'yan rediyo ne suka hura masa wuta har zama ya gagara. Duka biyun akwai ƙamshin gaskiya. Amma masu shiga lungu da saƙo na harkar sun ce a daina duban Lexington, a dubi Dallas.

Kafin mu je can, bari in ɗan taɓa daren Oakland, don har yau yana yi wa mutanen Kentucky ciwo. Wani Jack Gohlke ne, ɗan shekara 24, wanda ya fito daga ƙaramar kwaleji mai buga rukuni na biyu, ya taso daga benci ya jefa ƙwallo mai maki uku har sau 10. Yaran Calipari, waɗanda ake ta lissafin miliyoyin da za su kwasa a NBA, suna tsaye suna kallonsa. Kuma a Pittsburgh aka yi abin, ƙofar gidan su Calipari, inda ya tashi. Shekara biyu kafin nan wata Saint Peter's, wadda rabin Amurka ba su san inda take ba, ta yi musu irin wannan cin fuska.

To, Dallas. A can akwai jami'ar SMU, makarantar 'ya'yan masu hannu da shuni. Ta daɗe tana jin haushin an bar ta a ƙaramin lig, sai a watan Satumba na 2023 ta samu shiga ACC, lig ɗin su Duke da North Carolina. Ka san da me ta sayi kujerar? Ta yarda ta yi shekara 9 ba ta karɓi kasonta na kuɗin talabijin ba. Attajiran makarantar suka ce ba komai, cikin mako ɗaya suka tara dala miliyan 100. Mutumin da ya zuba irin wannan kuɗi ba zai shiga sabon gida da tsohon koci ba. Kocinta Rob Lanier ya ci wasa 20 a kakar, amma a watan Maris na 2024 aka ce masa mun gode. (Allah bai bar shi a rana ba, jami'ar Rice ta ɗauke shi nan da nan.)

Daga nan igiya ta fara warwarewa. SMU ta miƙa hannu har Los Angeles ta ɗauko Andy Enfield daga USC. Ita USC ɗin tana ɗaure kayanta ne za ta koma Big Ten, don lig ɗinta na gado, Pac-12, ya watse, jami'o'i goma sun gudu an bar Oregon State da Washington State su kaɗai. Sai ta ɗauko Eric Musselman daga Arkansas, mutumin da ya kai Arkansas zagayen 'yan takwas a 2021 da 2022. Arkansas ta wayi gari ba koci. Daraktan wasanninta, Hunter Yurachek, ya tafi Phoenix inda ake wasannin ƙarshe na gasar, ya zauna da Calipari, wai don ya ji shawararsa kan wa ya dace. Mai ba da shawara dai shi ya tashi da aikin.

Wanda ya haɗa zaman kuwa John Tyson ne, shugaban Tyson Foods, kamfanin kajin nan da ke Springdale, 'yar tafiya kaɗan daga harabar jami'ar a Fayetteville. Tsohon abokin Calipari ne. Shi ya sa a Lexington har yau ake cewa kaji ne suka ɗauke musu koci. Abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne albashin: Arkansas ta ba shi dala miliyan 7 a shekara na tsawon shekara biyar, ƙasa da abin da yake karɓa a Kentucky, inda ya sa hannu a 2019 kan kwantiragin shekara 10 na dala miliyan 86 da ake kira na har abada. Mutum ba ya rage wa kansa albashi haka kawai. Abin da ake raɗe-raɗi shi ne an yi masa alkawarin asusu mai nauyi na biyan 'yan wasa, abin da ya daɗe yana ƙorafin attajiran Kentucky sun riƙe masa hannu a kai. Shi kuma da bakinsa ya ce wani limamin coci ne ya ba shi shawarar ya yi tattaki, ya ɗauki kansa kocin Arkansas a tafi, kocin Kentucky a dawowa, ya ji wanne zuciyarsa ta fi natsuwa da shi. Ni dai na ji labarin limamin, na kuma ji na mai kaji, kowa ya zaɓi nasa.

Wanda ya fi kowa dariya a ɓoye, in ji masu tsegunta mini, shi ne ma'ajin Kentucky. Da korar Calipari aka yi, sai an biya shi fiye da dala miliyan 30. Kwanaki kaɗan kafin nan daraktan wasanni Mitch Barnhart ya fito ya ce koci na nan daram, har suka zauna tare a talabijin suna murmushin da bai kai zuci ba. Sai ga shi mutumin ya tafi da ƙafarsa, ko sisi ba a biya ba.

Yanzu maganar 'yan jarida. Wanda bai zauna a Kentucky ba ba zai gane ba. Jihar ba ta da ƙungiya a NBA, ba ta da ita a babban lig na ƙwallon Amurka, saboda haka yaran jami'a 'yan shekara 18 su ne komai. Filinsu na Rupp Arena yana cin mutum sama da 20,000. Akwai shirin Kentucky Sports Radio na Matt Jones, wanda direban babbar mota da malamar makaranta da ɗan majalisa duk suke kunnawa da hantsi, ana bugo waya ana fashin baƙi kan abin da koci ya faɗa, da wanda bai faɗa ba, da yadda ya ɗaure fuska lokacin da yake faɗa. A shekarun farko Calipari da shirin kamar zuma da madara suke. Ya ci kofin ƙasa a 2012 da Anthony Davis, ya kai wasan kusa da na ƙarshe a 2011 da 2012 da 2014 da 2015, a 2015 ɗin ma sai da ya ci wasa 38 a jere kafin Wisconsin ta taka masa birki. Sai kakar 2021 ta zo, ya ci 9 aka ci shi 16, makirufon da ke masa kirari ya koma yi masa tambayoyi, zumunci ya yi tsami.

Laifin ba na rediyo kaɗai ba ne. Tun 2010, daren da aka zaɓi yaransa biyar a zagayen farko na NBA, ya ce ranar ta fi kowace girma a tarihin ƙungiyar. Ya faɗi haka ne ga mutanen da a lokacin suke da kofin ƙasa bakwai a kabad. Sun haɗiye, amma ba su manta ba. Sai batun Shaedon Sharpe, yaron Kanada da ya shigo makarantar a Janairun 2022, aka yi ta cewa gobe zai buga, jibi zai buga, bai taka fili ko na minti ɗaya ba, Portland ta ɗauke shi a matsayi na 7 a zaɓen NBA. A watan Agusta na shekarar kuma, yana neman a gina masa sabon wurin atisaye, ya ce Kentucky makarantar ƙwallon kwando ce, kocin ƙwallon Amurka na makarantar, Mark Stoops, ya mayar masa da martani a bainar jama'a. Nan fa ya taka wutsiyar da ba a takawa, domin kuɗin talabijin na lig ɗin SEC da Kentucky take ciki, kwantiragin ESPN na kusan dala biliyan 3 a shekara 10, don ƙwallon Amurka ake biyan sa. Don shi Texas da Oklahoma suka shigo SEC a 2024. Don shi Big Ten take da jami'o'i 18 yanzu, Big 12 take da 16, su Stanford da ke bakin tekun Fasifik suke buga lig mai sunan gaɓar Atlantika. Ba wanda ya tambayi kocin kwando ra'ayinsa a duk wannan hijira, ana gama magana ake aiko masa da jadawalin jirgi.

A ganina abin da ya ci Calipari a Kentucky kasuwa ce ta sauya a ƙarƙashin ƙafarsa. Gwanintarsa ita ce shiga falon iyaye, ya zauna da uwa, ya ce ba ni ɗanki wata takwas in mayar miki da shi miloniya. Ya kuma cika alkawari: John Wall, Karl-Anthony Towns, Devin Booker, Bam Adebayo, Shai Gilgeous-Alexander. Amma daga 2021 aka bar ɗan wasa ya sauya makaranta ba tare da zaman shekara guda a benci ba, daga 1 ga Yulin shekarar kuma aka halatta masa cin kuɗi da sunansa da hotonsa. Sauran kociyoyi suka koma sayen ƙarti 'yan 22 da 23 da suka ga jiya suka ga yau, shi yana nan da 'yan bana-bakwai.

Da ya tafi, aka shiga neman magaji, nan ne aka sha kallo. Nate Oats na Alabama ya ce a'a tun ba a gama tambaya ba. Dan Hurley, wanda ya ci kofi biyu a jere da UConn, ya ce a'a. Scott Drew na Baylor ya ɗan yi jim, magoya baya suka koma bin sawun jirgin sama a intanet daga Waco, garin Baylor, zuwa Lexington, har an ce wani ya buga waya gidan abincin da mutumin ke cin abincin rana don ya roƙe shi. Shi ma ya ce a'a. Da sunan Mark Pope na BYU ya fito da daddare, mutumin da bai taɓa cin wasa ko ɗaya a gasar ƙasa a matsayin koci ba, zagi aka kwana ana yi. Kwana uku bayan nan Rupp Arena ta cika maƙil don tarbarsa. Ya shigo cikin filin a bas tare da tsofaffin 'yan wasa, ya sauko rungume da kofin 1996, wanda aka ci yana kyaftin. Bakunan da suka zage shi ranar Alhamis su ne suka yi masa guɗa ranar Lahadi.

Ɗakin sauya kaya kuwa wayam ya tarar. Adou Thiero, ɗan asalin Mali wanda mahaifinsa ya buga wa Calipari a Memphis, da D.J. Wagner da Zvonimir Ivisic sun bi maigida Arkansas, haka ma sababbin yara uku da aka riga aka yi zawarcinsu. Ugonna Onyenso, dogon yaron nan ɗan Najeriya, ya nufi Kansas State. Pope ya shiga kasuwar sauya sheƙa ya haɗa ƙungiya cikin 'yan makonni: Lamont Butler daga San Diego State, Koby Brea daga Dayton, Otega Oweh daga Oklahoma, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne. A watan Nuwamba suka doke Duke mai tauraro Cooper Flagg da 77 da 72, gari ya ɗauki murna.

Sai ranar 1 ga Fabrairu, 2025. Calipari ya dawo Rupp Arena da jar riga, ƙungiyarsa ta fara lig da shan kashi biyar a jere, jama'a suka tarbe shi da ihun ba ma yi. Ya ci su 89 da 79, kuma yaran da ya tafi da su ne suka yi aika-aikar. Washegari layukan waya na rediyo sun sha zafi. A watan Maris dukansu biyu suka kai zagayen 'yan 16 suka tsaya nan, Tennessee ta fitar da Kentucky, Texas Tech ta fitar da Arkansas. SEC ta kai jami'o'i 14 cikin 16 gasar a shekarar, abin da wani lig bai taɓa yi ba, Florida ta ɗauki kofin.

Igiyar ba ta tsaya a kan Pope ba. BYU, wadda ita ma sabuwar shiga ce a Big 12 tun 2023, ta maye gurbinsa da Kevin Young daga Phoenix Suns. A watan Disamba na 2024 yaron da ake ganin ya fi kowa a ajinsa, AJ Dybantsa, ya zauna a shirin First Take na ESPN ya ce BYU za shi, ya bar North Carolina da Kansas da Alabama da baki buɗe. Kuɗin da ake raɗawa ya kama daga dala miliyan 5 zuwa 7, ba wanda ya nuna takarda. Makarantar cocin Mormon da ke hana ɗalibanta shan kofi ita ta kasa manyan gidaje a ciniki.

Sabuwar rigimar da ake yi a bayan ƙofa ta rabon gado ce. Tun da mai shari'a Claudia Wilken ta amince da sulhun shari'ar House, wadda 'yan wasan jami'a suka shigar, a watan Yunin 2025, kowace jami'a ta samu damar biyan 'yan wasanta kai tsaye, har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko. A yawancin makarantun SEC ƙwallon Amurka ke lashe kaso mafi tsoka, a Lexington kuwa an ce 'yan kwando sun ƙi yarda a ba su ragowa. Jaridar garin ta ruwaito cewa ƙungiyar Pope ta kakar 2025 zuwa 2026 ta ci kusan dala miliyan 22 idan an haɗa da kuɗin talla, kuma tun daga ranar duk ƙwallon da yaro ya ɓarar sai an kira rediyo an yi lissafin farashinta. Masu murmushi a gefe su ne makarantun Big East irin St. John's, waɗanda ba su da ƙungiyar ƙwallon Amurka da za su ciyar. Kocin St. John's ɗin Rick Pitino ne, wanda ya ci wa Kentucky kofin 1996, daga baya ya koma Louisville aka yi shekaru ana tsine masa. A watan Oktoba na 2024 Pope ya gayyato shi Rupp Arena, ya fito da shuɗiyar riga, aka miƙe tsaye ana tafi. Wata biyar bayan nan Calipari ya fitar da shi daga gasar ƙasa a zagaye na biyu, kuma an ce a Lexington ranar mutane da yawa St. John's suka goya wa baya. Ba a bakina kuka ji ba.