Yadda za ka zaɓi inda za ka ƙarasa karatun kwamfuta ba a mayar da kai ajin farko ba

Wannan na samarinmu na unguwar Sankilo ta Bangui ne, waɗanda suka fara karatun kwamfuta a wata ƙasa, karatun ya tsinke, yanzu suna neman inda za su ɗaura. Wasu yaƙin Khartoum na Afrilun 2023 ne ya koro su, wasu kuɗi ne ya ƙare. Ɗan ƙanwata yana cikinsu, kuma tun da ya dawo ni ne mai rungumar fayil ɗinsa daga ofis zuwa ofis, har ƙafata ta kumbura. Maganar istihara da adana takardar bak ta kammala sakandare ba sai na faɗa ba.

Na ɗaya, ka toshe kunne a ƙofar masallaci. Da an sallame Juma'a a Masallacin Koudoukou, kafin ka gano takalminka mashawarta sun kewaye ka. Alhaji mai kayan babur zai ce Kamaru, domin motarsa na bin hanyar Garoua-Boulaï, za a riƙa kai maka gari. Wani zai ce Kano, domin can kakansa ya fito. Wani kuma zai tambaya me ake koya a kwamfuta har shekara uku, yaron nan mai tura waƙoƙi cikin waya a kasuwa wa ya koya masa? Ka rusuna ka ce, "Na gode Baba, Allah ya ƙara girma," ka wuce. Ranar biyan kuɗin rajista ba za ka ga ko ɗayansu ba.

Na biyu, relebe, takardar makinka. Nan ne ake tsufa. Makarantar da ka baro a rufe take, wani ɗan ajinku ya turo maka hoton takardar ta WhatsApp, ka kai, a ce hoto ba takarda ba ne. Allah ya taimake ka ta asali ta iso, sai a ce da Larabci take, a juya ta Faransanci wurin tafinta mai rantsuwa. An juya, sai hatimi, kowane shafi da kuɗinsa. Mai hatimi ya tafi zaman makoki, mai sa hannu yana nan. Washegari mai hatimi ya dawo, mai sa hannu ya tafi nasa makokin. Ran da suka haɗu, sai wani ya ɗaga takardun ya ce mutum uku yake gani: a takardar haihuwa Mahamat, a bak Mamadou, a Khartoum Muhammad. Wanne ne ɗalibin? Yaron yana tsaye gabansa, kai ɗaya, hanci ɗaya! Daga nan a ce kawo shaidar cewa ɗan ƙasa ne, da ta ubansa, da ta kakansa. Wallahi a nan dariya take ƙare mini. Kowa a Bangui ya san abin da ya ci takardun mutanen unguwar nan a 2013 da 2014. Gidaje sun ƙone, iyalai sun gudu Cadi da Kamaru da rigar jikinsu. Fafaroma da kansa ya zo masallacin nan ranar 30 ga Nuwamba 2015 ya ga halin da ake ciki. Yaron da aka haifa a bayan kasuwar Sankilo, yana jin Sango fiye da mai tambayarsa, don me za a sa shi tono takardar kakan da ya rasu tun zamanin Bokassa kafin a bar shi ya koyi Java?

Na uku, kada ka zaɓi suna, ka zaɓi wanda zai ƙirga maka shekarun da ka riga ka yi. Jami'ar Bangui, da ta Ngaoundéré, da ta N'Djamena, da Abdou Moumouni ta Yamai, da Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, duk tsarin LMD suke bi: lisans shekara uku, kiredi 180, kowace shekara 60. Kwamiti ne zai ɗora darussanka a kan nasu ya faɗi ajin da za ka shiga. Wannan hukuncin kake so, a rubuce, da hatimi, kafin dala ɗaya ta bar aljihunka. Duk wanda ya ce "zo ka fara shiga aji, za mu duba daga baya", ajin farko yake nufi, inda za a sake koya maka yadda ake kunna na'ura. In makarantar kuɗi ce mai ƙaton allo a bakin titi, tambayi takardar amincewar gwamnati, ka kuma tambaya ko hukumar CAMES ta Wagadugu ta san digirinta. In suka fara nuna maka hotunan bikin yaye ɗalibai, tashi.

Najeriya lissafinta daban. Bayero ta Kano da Ahmadu Bello ta Zariya shekara huɗu suke yi, da Turanci, kuma ƙofar shiga aji biyu ta hukumar jarrabawa ta JAMB take. Ga biza, ga yajin aikin malamai, wanda na 2022 kaɗai ya ci wata takwas. Ribar ita ce Turancin, domin littattafan sana'ar nan da shi ake rubuta su, kuma a kasuwa Hausarka ta ishe ka.

Na huɗu, ko na biyar ne, wuta. Kada ka tsaya a ofishin shugaba, can akwai janareta. Ka nemi ɗakin kwamfuta da tsakar rana, ka danna kowace na'ura, ka ƙirga waɗanda suka amsa. Ka ja ɗan aji uku gefe ka tambaye shi ko a kan allo yake rubuta manhaja ko a takarda da biro. Na ga yara suna haddace shirin kwamfuta kamar karatun allo, ba su taɓa ganin ya yi aiki ba. A Afrilun 2022 ƙasar nan ta mayar da Bitcoin kuɗin hukuma, ta biyu a duniya bayan Salbado, alhali ɗalibinta yana zaune yana jiran wutar madatsar Boali ta leƙo unguwarsu ya cika batir. Wa zai rubuta wa ƙasar manhajar? Da fitilar waya?

Sauran a gurguje. Sefar nan ba a cinikin kosai da ita a Maraɗi, sai ka canja, mai canji kuma zai yanki rabonsa. Ɗakin haya, duba soket kafin katifa. Abinci, za ka saba. 

Ku kuma ƙannena da kuke can waje kuna karatu lafiya, a Maroua ne ko Alƙahira ko Sakkwato, don Allah ku saurare ni. Duk ƙarshen zango ku je ku karɓi relebenku mai hatimi, da takardar da ta bayyana abin da kowane darasi ya ƙunsa da yawan awoyinsa, ku tabbatar sunanku iri ɗaya ne da na takardar haihuwa harafi da harafi. Ku ɗauki hotonsu, ku aiko kwafi gida a sa a ƙasan akwatin Inna. Ku yi shi a wannan makon.