Zuwa ga Bawana Mai Sanƙo

Babarbare, ranar Juma'a bayan an sallame a Masallacin Gwallaga iska ta tona maka asiri. Hularka Zanna Bukar ta faɗi, rana ta daki tsakar kanka, har mai turaren bakin ƙofa ya kare ido da hannu. Yanzu kuma na ji kana neman mai sayen filinka, wai Istanbul za ka a yi maka dashen gashi.

To gyara zama, ubangidanka Bafulatani zai karantar da kai. Gashi daga rami yake tofowa cikin fata, ramuka wajen 100,000 a kan mutum, kuma da su aka haife ka, ba a ƙaro ko ɗaya daga baya. A gindin kowane rami akwai ɗan tsiron da jini ke ciyarwa, shi ke cewa a tofo. Sama kaɗan, inda ɗan naman da ke sa tsikar jiki tashi ya maƙale, nan ake ajiye iri, kamar rumbu. Gashi ya yi shekara 2 zuwa 6 yana ƙara kusan santimita 1 a wata, ya huta wata 3, ya zube, rumbu ya fito da sabo.

Kai fa? Sinadarin mazantaka da likitoci ke kira DHT ne ya bi ramukan goshinka da tsakar kanka yana tsuke su, gashin ya koma kamar na jariri, daga nan sai fili fetal. Ramukan ƙeya kuwa taurin kai gare su irin na Barebari, ba sa jin maganarsa, ko ina aka kai su. Likita Shoji Okuda ya yi dashe a Japan tun 1939, Norman Orentreich na Amurka ya bayyana wannan hali na ƙeya a 1959. Dashen shinkafa ne sak: a ciro daga gonar baya, sili ɗaya zuwa huɗu a dunƙule, a kafa a gaba. Cikin makonni wanda aka dasa zai zube, ka yi ta salati, sai bayan wata 3 ko 4 ya tofo, ganin ƙarshensa kuma shekara guda.

Amma fa sai da iri a gonar bayan. Na leƙa ƙeyarka muna sahu (Allah ya yafe mini): ƙurajen aski sun yi mata kunya-kunya, inda tabo ya kama kuma ramin ya mutu. Ga shi gashinmu tun a ƙarƙashin fata yake lanƙwashe, ƙarfen cirowa kan datse saiwar idan hannun bai saba da kan baƙar fata ba. Fatar wasunmu ma ƙullutu take yi a gurbin yanka.

Akwai dai wata hanya. A 1942 James Hamilton ya gano mazan da aka dandaƙe tun suna yara ba sa yin sanƙo. Kai ka makara, kuma uwargida ba za ta sa hannu ba.

Bar filin nan. Gobe da la'asar ka same ni a Wunti in saya maka hula mai kama kai, kai kuma ka riƙo mini jaka kamar yadda kakanka ya riƙe wa nawa.