Sannunku da Ƙoƙari, Manyan Ƙasa

Ranku ya daɗe, masu babban albashi, mun zo gaisuwa da ban gajiya. Mun ji wasu marasa ta-ido na cewa wai a ɗora haraji a kan albashinku da alawus-alawus ɗinku, a zuba a asusun fanshon tsofaffi. Wannan ai rashin tarbiyya ne. Yaushe aka fara sa hannu a akushin manya?

Tsarin da kuka shimfiɗa ya isa yabo. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari na albashin ma'aikaci duk wata, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kashi 10. Ɗan sandan da ke kwana bakin daji a Rabah, yana dakon 'yan bindiga, ana cire masa nasa ba fashi. Daidai ne, ƙaramin ma'aikaci shi ya fi buƙatar koyon tattali. Gwamna kuwa shekara huɗu ko takwas sun ishe shi, domin jihohi da dama, har da Sakkwato, sun yi dokar ciyar da shi bayan ya sauka, wasu har da gida da motoci. A 2019 tsohon gwamnan Zamfara, Abdul'aziz Yari, ya rubuta takarda yana neman alawus ɗinsa na naira miliyan 10 a wata. Majalisar jihar, da yake ba ta san darajar manya ba, sai ta soke dokar. Allah ya kiyaye ku da irin wannan wulaƙanci.

Malamin firamaren da ya yi shekara 35 yana shaƙar ƙurar alli a Goronyo ma yana godiya. Jiran giratuti ya koya masa haƙuri, layin tantancewa kuma yana motsa masa jini. Shi kuwa manomin albasa da tafarnuwa a fadamar Wurno, kun hutar da shi ɗungurungum: ba fansho, ba fayil, ba zirga-zirga. Ranar da ƙarfinsa ya ƙare, sai ya zuba wa 'ya'yansa ido.

Ko a Amurka, harajin fansho na kashi 6.2 ya tsaya ne a kan dala 176,100 na albashin shekara a 2025, abin da ya haura nan ba a taɓa shi. Su can sai da suka biya wani abu kafin a ɗaga musu ƙafa. Ku kun fi su basira.

Kada ku kula malaman da ke tuna muku yadda Sayyidina Umar ya tarar da tsohon Bayahude yana bara, ya yanka masa rabo daga baitulmali. Irin wannan wa'azi yana hana barci, ku kuwa ƙasa na buƙatar lafiyarku.

Tsofaffin gabashin Sakkwato ba su manta da ku ba. Kullum bayan sallar asuba suna ɗaga hannu: Allah ya saka muku da daidai abin da kuka yi musu.