Zaman Saudiyya: Yadda Za Ka Daɗe Ba Tare da An Yi Maka Rakiyar Dole Ba

Duk wanda ya taɓa gama ɗawafi ya kurɓi zamzam mai sanyi, ya ji ƙira'ar limamin Harami da asuba, zuciyarsa ta taɓa raya masa ya bar jirgi ya tafi, shi ya yi zamansa. Kakanninmu ma haka ta raya musu, suka kuwa amsa. Sun ratsa Chadi da Sudan a ƙafa da kan jakuna, suka tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin, wasu suka shekara goma a hanya. Jikokinsu ne yau ake ce wa Hausawi da Fallata da Barnawi a ƙasar Hijaz. Osama Hausawi shi ya ja ragamar 'yan ƙwallon Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018, Rayyana Barnawi kuma ta je sararin samaniya a 2023. Sai dai su kakannin sun shiga ne tun ba a tambayar kati a bakin hanya. Kai kuwa, ɗan uwa, zamanin hoton yatsa da kwamfuta ka tarar, don haka gyara zama ka saurara.

Farkon abin da za ka haddace, tun kafin addu'ar hawa jirgi, shi ne kowace biza da aikinta. Ta umara ta umara ce. Tun 2022 tana ba ka damar zama har kwana 90, wanda ya ishe ka ka yi ibada, ka ziyarci Madina, ka saya wa surukarka darduma da dabino, ka yi kukan bankwana ka dawo. Ba ta halatta maka aiki ba, ba ta halatta maka Hajji ba. Idan wani ya ce maka, "Kai dai ka shiga, idan ka shige sauran mai sauƙi ne," ka tambaye shi a ina ya kwana daren da aka yi samame a unguwarsu. Askar, wato ɗan sandan can, ba ya duba tabon salla a goshi, kati yake dubawa. A Hajjin 2025 tarar wanda aka kama zai yi aikin Hajji ba tasrihi, wato takardar izini, ta kai riyal 20,000, a mayar da shi gida, a kuma hana shi shigowa shekara goma. Riyal kuwa a ɗaure yake da dala tun 1986, riyal 3.75 kowace dala, ke nan duk ranar da naira ta yi tari, tararka ta ƙara ƙiba. Kafin jirgin komawa akwai zango a gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora, na Shumaisi, tsakanin Jidda da Makka, wurin da ba na yi wa ko maƙiyina fatan kwana.

Idan zama kake so, to bizar aiki za ka nema, ta hannun wanda ke da ofishi mai ƙofa da rajista. Dillalin da ofishinsa ke cikin aljihunsa, wanda yau yana Kano gobe wayarsa a kashe, kada ya ga ko ƙwandalar gonar gado. Ka karanta takardar yarjejeniya tun kana gida: wane aiki, wane gari, albashi nawa, wa zai biya masauki. In ba ka jin Larabci ka kai wa malamin Islamiyyar unguwarku, a ranar ce za ka san ranar kuɗin Laraba. A filin jirgi kuma, ko tsohuwa ce mai carbi ta ce ka riƙe mata ƙullin daddawa ka kai wa jikarta, ka gaishe ta da ladabi ka yi gaba. Hukuncin safarar ƙwaya a can yana kaiwa ga kisa, kuma wanda aka samu kaya a hannunsa shi ake tambaya. Goro ma hukumar alhazai ta sha gargaɗi a kansa, sai ka fara koya wa haƙoranka haƙuri.

Ka sauka lafiya, an ba ka igama, wato katin izinin zama. Riƙe ta kamar yadda mai jego ke riƙe jinjiri. Da ita za ka buɗe asusun banki, da ita za ka yi layin waya, da ita za ka kama hayar gida, da ita likita zai kalle ka. Ka sauke manhajar Absher a wayarka, ka riƙa leƙa ta kafin ka leƙa Facebook, domin a nan za ka ga ranar da igamarka za ta ƙare. Ƙasa ce mai kalanda biyu, saboda haka duk ranar da aka rubuta maka ka tabbatar ta Hijira ce ko ta Miladiyya. Shekarar Hijira ta gaza da wajen kwana 11, kuma kwana 11 sun isa su mayar da mutumin kirki mai gudun motar jawazat, wato jami'an shige da fice. Jinkirin sabuntawa na jawo tarar riyal 500 a karon farko, 1,000 a karo na biyu, ga banki zai rufe maka asusu kana tsaye da kwandon cefane.

Sai kafili, mutumin da sunansa ke liƙe da naka. Ka gaishe shi da safe, ka tambayi lafiyar yaransa, ka yi masa barka da salla tun kafin ya yi maka. Amma fasfo naka ne, dokar ƙasar ma ba ta ba shi ikon riƙe shi ba. A watan Maris na 2021 an sassauta dokar ƙwadago, ma'aikacin kamfani na iya sauya wurin aiki bisa sharuɗɗa, ya kuma nemi bizar fita da dawowa da kansa. Wannan sassauci bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba, kuma a nan ne 'yan uwanmu mata suka fi yawa. 'Yar uwa, idan an hana ki albashi ko an wulaƙanta ki, kada ki ɗauki jaka ki fice da dare. Da zarar an shigar da sunanki a hurub, wato jerin waɗanda suka gudu daga wurin aiki, kin zama abin nema, haƙƙinki kuma ya yi wuyar karɓuwa. Ki kai ƙara wurin hukumar ƙwadago, ki sanar da ƙaramin ofishin jakadancinku da ke Jidda ko babban da ke Riyad. Wanda kuma Allah Ya hore wa, yana son zama ba kafili, tun 2019 akwai igama ta musamman: riyal 100,000 a shekara, ko 800,000 a biya sau ɗaya. In ka karanta wannan ka yi murmushi ka shafa aljihu, Alhaji, to a tuna da mu a addu'a da kuma tsaraba.

Zaman yau da kullum ba shi da wuya in ka iya sa ido. Hutun mako Juma'a da Asabar ne tun 2013, Lahadi kowa yana bakin aiki. Zafin bazara ya kai a hana aiki a rana daga sha biyu zuwa uku, daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Satumba, ko kai ɗan Sakkwato ne ka shiga inuwa. A titi babu mai tare ka ya ce "yallaɓai ya hanya"; na'urar Sahir ce za ta haska ka, saƙon tara ya riga ka isa gida. Kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoton mutane ba izini, musamman mata, dokar 2007 ta tanadi ɗauri da tara mai nauyi a kan haka. Farashin da ka gani kuma ka tuna akwai harajin kashi 15 cikin ɗari tun 2020. Da safe ka saba da ful da gurasar tamis, da rana kabsa ko mandi, ranar albashi ka bi layin Al Baik. Ranar da kewar gida ta taso maka a Makka, nufi wajen Shari' Mansur, za ka ji Hausa na tashi, ga tsire da ƙuli-ƙulinsa, har Larabawa na layi. Idan maƙwabci ya gayyace ka gahawa, karɓi ɗan finjalin da hannun dama, kada ka yi fushi don ba a cika maka ba, alamar ana son ka daɗe ce. In ka ƙoshi ka ɗan kaɗa finjalin kafin ka miƙa, in ba haka ba za a yi ta zuba maka har ka kwana kana ƙirga rufin ɗaki.

To, ga babbar magana, ta aure. Ka yi shekara uku, tumbi ya fara leƙowa ta cikin jallabiya, ɗaki ya yi maka faɗi. Hanyoyi uku ne a gabanka, kowace da kuɗin shigarta.

In matarka tana gida, ɗauko ta ya dogara da sana'ar da aka rubuta a igamarka. Likita da injiniya da malami ana ba su damar zama da iyali, lebura da direban gida kuwa ƙofar a ƙuntace take. Takardar aure sai an fassara ta zuwa Larabci an buga mata hatimin ma'aikatar harkokin waje da na ofishin jakadanci; shaidar cewa duk unguwa ta ci goron ɗaurin aurenku ba ta wucewa a tagar jawazat. Bayan ta iso akwai kuɗin zaman iyali da aka fara karɓa a 2017 kan riyal 100, ya hau har ya kai 400 a wata kan kowane mutum tun 2020. Mai mata ɗaya da 'ya'ya shida ya ɗauko biro: riyal 2,800 duk wata, kafin a sayi shinkafa. Yawan iyali albarka ne, amma a yi lissafin tun ana Kano.

In kuwa idonka ya faɗa kan 'yar ƙasa, sai ka sha ruwa tukuna. Aure tsakanin ɗan ƙasa da baƙo ba ya ɗauruwa a hukumance sai da izinin ma'aikatar cikin gida, a shigar da takardu a ofishin gwamnan yanki a jira. Idan izini ya fito, ga yadda abin yake tafiya. Mata za su je su gano, a ba ka damar ganin yarinya a gaban waliyyinta, sannan a yi gwajin jini, wanda ya zama dole tun 2004 saboda sikila da makamantanta. Wannan kam abin koyi ne, kuma Kano ma ta kafa irin dokar a 2024. Sai milka, wato ɗaurin aure, wanda kan riga biki da watanni. Sadaki ana maganar dubun-dubatar riyal ne, ga shabka, sarƙa da awarwaro da zobe na zinariya. Kada ka zauna jiran iyayen amarya su zo jere da gado da kujeru da gara: a can ango ke kama gida ya zuba komai, daga firji har cokali. A nan ne za ka ɗaga hannu ka yi wa iyayen matan Hausa addu'a, waɗanda ke sayar da saniya don ɗakin 'yarsu.

Daren lalle a Hijaz gumra ake ce masa, na mata ne, ba ruwanka. Ranar biki za a kama babban zaure, maza gefe guda mata gefe guda. In an ce bayan isha'i, kada ka zo da alwalar magariba ka zauna kai da masu jera kujeru. Maza za su sha gahawa, a kawo rago sukutum bisa shinkafa wajen sha ɗaya, a ci da hannu a watse. Mata kuwa a lokacin suka fara, amarya ba ta fitowa sai dare ya raba, ana kiɗa har kusan asuba, kuma sau da yawa ana karɓe wayoyi masu kamara a bakin ƙofa. Hajiya, in an gayyace ki, ki yi barcin rana, ki kuma bar yara a gida in katin ya ce haka. Abu ɗaya da za ka sani tun kafin ka kashe kuɗinka: auren 'yar ƙasa ba ya mayar da kai ɗan ƙasa, 'ya'yanku ma ƙasarka za su bi, sai sun kai shekara 18 su nema bisa sharuɗɗa.

Hanya ta uku ita ce ta fi damuna. Ka ga 'yar gida, Bahaushiya irinka, a Jidda ko Makka, an kira malami a ɗaki, an raba dabino, an shafa fatiha. A addini an cika sharuɗɗa, babu mai musu. Amma in ɗayanku ba shi da igama, auren ba zai shiga rajistar kotu ba, kuma ranar haihuwa abin zai fito fili. Ƙa'idar a jere take: takardar asibiti, rajistar haihuwa a ofishin ahwal, fasfo daga ofishin jakadanci, sannan igamar jariri. In matakin farko ya karye, sauran duk sun zube. Haihuwa a Saudiyya ba ta ba yaro zama ɗan ƙasa. Sai ya tashi yana zuba Larabcin Makka garau, bai taɓa ganin Kano ko Damagaram ba, makaranta ta gagare shi, asibiti sai da fargaba, wata rana a ɗora shi a jirgi zuwa ƙasar da bai san kowa ba. Da aka rushe tsofaffin unguwannin Jidda irin su Sabil da Karantina daga ƙarshen 2021, masu takarda sun nemi wata hayar, marasa takarda kuwa ba su da wanda zai ba su haya. Yaron nan bai zaɓi ko ɗaya daga cikin wannan ba, iyayensa ne suka zaɓar masa.

Don haka in za ka yi aure a can, ku je kotu da igamarku mai rai, da shaidu biyu, da waliyyi ko takardar wakilcinsa mai hatimi in yana gida. In kuma kana can yanzu da yaro ba takarda, don Allah kada ka jira samame. Ka shirya wannan makon ka je ofishin jakadancin ƙasarku, ka tambayi yadda za a yi masa rajista da fasfo.