Don Idon Baƙo: Masu Sayen Kayan Ɗaki a Gure

Duk abin da ake kira kayan zamani, kafin ya shiga ɗaki a Gure sai ya sha tafiya. A ƙera shi a Sin ko Turkiyya, ya sauka Legas ko Lome, ya kwana Kano ko Maraɗi, ya huta a Kasuwar Dole ta Damagaram, sannan a ɗaure shi a bayan mota ya yi kilomita wajen 160 a kan titin Difa, yana shan rana da rairayi. Kowane zango ya ƙara masa kuɗi, kowane rami ya rage masa lafiya. Da irin wannan wahala, sai ka zaci mutum ba zai sayi komai ba sai abin da jikinsa ke bukata. Ina! A garin nan kayan ɗaki na idon baƙo ne, mai ɗaki gadi kawai yake yi. Ga masu gadin nan, kowa da halinsa.

Mai hoto a waya

Ba ta zuwa wurin kafinta da awon ɗaki, da waya take zuwa. "Malam, irin wannan nake so, kada ka rage ko ƙusa." Hoton daga TikTok ta samo shi ko daga wani fim ɗin Kano: gado mai allon kai har rufi, fitilu a jiki, madubi dama da hagu. Ɗakin da ke cikin hoton ya fi gidansu duka faɗi, amma wannan ba matsalarta ba ce. Shi kuma kafinta tun da aka haife shi bai taɓa cewa bai iya ba. "Ai ƙaramin aiki ne, Hajiya, kawo kafin alƙalami, mako uku ki aiko." Bayan wata biyu gado ya iso a amalanke, yara na biye da shi, sai ƙofa ta ƙi. Ko a yanke gado ko a fasa bango. Bango ake fasawa, magini ma ya samu rabonsa. Da an kafa, sai ta laɓe a lungu ɗaya da ba a ganin karkatar allon, ta ɗauki hoto ta saka a WhatsApp. Washegari wata ta kai wa kafintan nan wannan hoton.

Uwar amarya

Wannan ta fara sayayya tun yarinya na rarrafe. Kwasar adashe ta zama kwalla, kuɗin akuya ya zama samira, ribar ƙosai ta zama tasa, duk an tura ƙarƙashin gado ana jiran rana. A zamaninta jeren kwalla taska ce: in gero ya yi tsada ko ciwo ya shigo gida, a ɗauki saiti ɗaya a sayar a rufa asiri. Ranar da ta fito da tarin shekara 15, sai ɗiyar ta kalla ta ce, "Inna, ai yanzu an daina yayin wannan. Kabet ake yi mai gilashi, da tangaran, da kuloli."

Inna ba ta ji zafin maganar ba kamar yadda ta ji labarin jeren ɗiyar maƙwabciya. Don ma'auninta ba cikin amarya ba ne, ba kuma aljihun uban amarya ba. Ma'auninta abin da aka yi wa ɗiyar wance. Takan aiki ƙanwarta kamar za ta yi barka, alhali ƙidaya ta kai ta. "Kula nawa aka jera mata?" "Sha biyu, Yaya." "To a kawo sha huɗu." Ragon da ake tattali don layya ya kama hanyar kasuwar Gidigir. Ranar jere gwaggwanni su ɗora kaya kan kaya har sai wurin shimfiɗa sallaya ya gagara, a yi guɗa, a watse. Amarya kuwa ta aika gidan uwar miji aron tukunya, don waɗanda ke cikin kabet ba na ɗorawa a wuta ba ne.

Mai lissafin naira

Ba ya jin farashi sai ya juya shi zuwa naira. Mai kanti ya ce labule jika 15, shi kuma ya ciro waya ya danna, ya yi murmushin wanda ya kama ɓarawo. "Haba Alhaji, ka ji tsoron Allah. Da kuɗin nan a Kantin Kwari uku zan saya." Tun da naira ta faɗi a 2023 sefa ta yi nauyi a hannu, bakinsa ya ƙara kaifi. Yakan shirya ya tafi da kansa: Damagaram, Matamaye, Daura, Kano. Abin da ba ya shiga lissafinsa shi ne kuɗin mota zuwa da dawowa, da masauki, da ɗan dako, da duwan, da na goro a kowane shinge, da tsarabar yara. Kabet ya iso Gure gilashi ɗaya a tsage, ƙafa ɗaya a cikin leda, amma in ka tambaye shi sai ya ce, "Wallahi na ci riba." Lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, babu wanda ya kai shi ladabi a kasuwa. Mai kantin da ya saba kira azzalumi ya koma "Alhajina".

Mai mata biyu

Tun daga nesa ake gane shi, don yana tafe yana ƙirga da yatsu. Komai nasa biyu ne: iri ɗaya, launi ɗaya, tsawo ɗaya, rana ɗaya. Kafet ma da igiya yake aunawa, kada wata ta fi wata da taki guda. Tashin hankalinsa shi ne mai kanti ya ce, "Maigida, biyu suka rage, ja da shuɗi." In ya ba uwargida ja, an ce an mai da ita tsohuwa mai son kwalliyar yara; in ya ba ta shuɗi, an ce ragowar zaɓen amarya aka kawo mata. Ya riga ya ɗanɗana wannan tun ranar kayan faɗar kishiya, da aka lissafa masa bambancin zane ɗaya har shekara ta zagayo. Sai ya tsaya ya yi shiru, ya sayi agogon bango guda, ya kai masallacin unguwa. Nan kaɗai kyautarsa ba ta jawo masa shari'a.

Mai farar kujera

Yawanci ma'aikaci ne da aka turo daga Yamai, ya zo da niyyar nuna wa mutanen gabas yadda ake zama. Ya yi odar kujerun falo farare tas. Ba wanda ya gaya masa cewa daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu ba ta neman izini kafin ta shiga ɗaki. Cikin mako guda kujera ta ɗauki launin tuddan rairayin bayan gari. Daga nan ya yanke shawarar ba za a sake cire ledarta ba har abada. Bazara ta zo, zafi ya haura 40, duk wanda ya zauna kan ledar nan sai an ji ƙarar tashinsa. Saboda haka in ka je gaishe shi, zai shigar da kai falo ka ga kujeru, ka ga fitila mai rassa da ke jiran wuta, ka ga firijin da ake ajiye kofuna a ciki, ka ce masha Allah. Sannan ya ce, "Mu koma waje, an fi iska." Ku ƙare a tabarma gindin dogon yaro, inda maƙwabcinsa da bai sayi komai ba ya riga ku zama.

Mai neman kyauta

Tambayarta ta farko ba "mene ne wannan" ba ce, "wanne ya fi girman kwali" ce. Kyautar biki a gaban jama'a ake shigo da ita, kuma jama'a kwali suke gani. Tana da littafi a ka wanda ba ya ɓata: wance ta kawo mini kaza ranar sunan Auta, dole in mayar da abin da ya fi shi, in ba haka ba zumunci ya yi rauni. Ita da mai kanti sun fahimci juna kan takardar farashi: in abin mai araha ne a kankare ta, in mai tsada ne a bar ta kamar an manta. Da yake duk ƙawaye kanti ɗaya suke zuwa, amarya kan tashi da agogon bango shida, kowanne da lokacinsa, ta ci gaba da sanin azahar da kiran ladan.

Baƙo daga daji

Ya fito daga wajen Tesker ko bayan duwatsun Kutus, ya sayar da raƙumi, kuɗin da ke cikin rigarsa sun fi na duk waɗanda aka ambata. Tambayoyinsa uku ne: nauyinsa nawa, yana naɗewa, in ya faɗo daga kan dabba yana fashewa? Ya ɗauki bargo, tabarmar roba, butar shayi, da fitila mai caji da rana. Mai kanti ya ga kuɗi, ya ja shi gaban wani kabet mai ƙofa shida. Ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa, ya ce, "Yana da kyau. To in rijiya ta ƙafe, wa ke ɗaukar sa?" Kada dai a yi saurin yaba masa. Ragowar kuɗin nan a kan adon sirdi da tuntayen linzami za su ƙare, don shi ma akwai idon da yake jira ranar taro. Falonsa ne kawai ke da ƙafa huɗu.

Dillaliya

Ita ba ta saye don kanta, amma duk hanyoyin nan gidanta suke ɓullewa. In damina ta yi gardama, ko aure ya mutu, ko aka rubuta magani mai tsada, bayan isha'i za ka ga yarinya da ƙunshi a ƙarƙashin hijabi tana sallama a ƙofarta. A wurinta ake jin farashin gaskiya. Tsohuwar kwallar da aka raina tana da masu nema a ƙauyuka. Kabet ɗin garin katako kuwa, da ya sha laima sau ɗaya ya kumbura, ba ya komawa. "Hajiya, na san jika 200 kika saye shi. In na samu mai ba da 60, ki karɓa ki gode Allah."

Jarinta riƙon asiri ne. Ba ta faɗin daga inda kaya suka fito, ba ta faɗin inda za su. Ta sa a goge, a ɗaure ƙusa, a canza marfi, ta kai wa wata uwar amarya a wata unguwa wadda adashenta bai kai sabo ba. Uwar amaryar kuma ta baza labari cewa ɗan'uwanta ne ya aiko daga Dubai. Ranar jere gari ya taru, har da mai kabet ɗin ta farko. Ta matsa kusa, ta ga tabon da ɗanta ya yi da cokali a gefen ƙofa ta biyu, ta gane abinta sarai. In ta tona, ta tona kanta. Sai ta gyara mayafi, ta rangaɗa guɗa ta fi kowa, ta ce, "Kai, masha Allah! Ai kayan Dubai daban ne."