Babin Salansa da Abin da Ya Rataya da Ita

Tun da mota ta shigo ƙasar nan, har muka saba da ita kamar yadda kakanninmu suka saba da jaki, ban taɓa jin mai hankali ya ɗauki halaliyarsa ya kai wa maƙeri domin a ƙara wa abin hawansa rashin kunya ba, sai a wannan zamani da Allah Ya nufe mu da gani, wanda samari suka wayi gari ba su da burin da ya wuce a ji zuwansu tun suna bayan ganuwa. Kalmar salansa, in ji masana Turanci, asalin ma'anarta abin da ke sa shiru, amma ga shi yau ana sayenta da tsada saboda ta hana unguwa barci.

Ɗan ƙanwata da nake riƙo, bayan shekara uku yana zubin adashi, ya sayi Peugeot 206 'yar Kwatano, irin wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1998, mai ƙaramin inji na lita 1.1 da ƙarfin doki 60, mota mai ladabi da tawali'u wadda ko kaza ba ta firgita in ta wuce. Muka yi addu'a, muka sa albarka. Ashe zakin nan da ke manne a goshinta shi ne ya hana yaron sakat, don kuwa a ra'ayinsa bai kamata zaki ya riƙa tafiya yana tari kamar tsohuwar akuya ba.

Ranar wata Asabar ya ce, "Kawu, zo ka raka ni Ƙofar Ruwa." Na bi shi, ba domin na yarda ba, sai domin shaidar gani da ido ta fi ta ji. Ya zaɓi wani bututu mai walƙiya kamar tasar amarya, wanda bakinsa zai haɗiye dunƙulen hannun ƙato, muka ɗunguma wurin mai walda. Da mai waldan ya shimfiɗa kwali, ya shige ƙarƙashin motar da baƙin tabarau, ya yanko tsohuwar salansa ya yar, sai na roƙe shi ya fasa mini ita in ga cikinta, kuma wallahi na sha mamakin hikimar da ke ciki. Ɗakuna ne bi da bi, da bututai masu huji-huji, yadda idan amon inji ya shigo a fusace sai ya faɗa wannan zaure, a tura shi wancan soro, ya bugi bango ya komo ya yi karo da ɗan'uwansa, kamar mai ƙara da ya zo fada da zafin rai aka yi ta wuce da shi daga dogari zuwa dogari, har in ya iso gaban sarki ba abin da ya rage masa sai gaisuwa. Ita kuwa sabuwar, ba zaure ba shamaki, daga ɗaka sai titi.

Ana cikin haka mai waldan ya leƙo da kai ya ce, "Oga, a cire Indomie ɗin nan ma, shi ke shaƙe ta." Na zaci abinci yake nufi. Ashe wata tukunyar ƙarfe ce mai ciki kamar saƙar zuma, wadda ke tace gubar hayaƙi, kuma a cikinta akwai ma'adinai masu daraja irin su filatinam da rodiyam, waɗanda wasunsu kan fi zinariya tsada. Saboda tsabar kirkinsa, bawan Allah bai caje mu ko kwabo a kan cirewar ba, ya kuma ɗauke mana nauyin zubar da ita ta hanyar turawa cikin akwatinsa ya sa kwaɗo.

Aka tayar da mota. Tantabarun da ke kan rumfa suka tashi gaba ɗaya, yaron ya dube ni fuskarsa cike da ujubu, ya ce, "Kawu, ka ji ƙarfi?" Na ce na ji. A danjar farko da muka tsaya, da aka ba da hannu, ya taka totur har haƙorana suka kaɗa, muna nan muna ruri wani A Daidaita Sahu ɗauke da mata huɗu da buhun gawayi ya wuce mu a hankali, direban yana ɗaga mana hannu. Daga baya wani tsohon bakanike ya fassara mini illar, ya ce ƙaramin inji numfashinsa kaɗan ne, idan aka ba shi faffaɗan bututu sai hayaƙin ya rasa saurin fita, motar ta yi sanyin tashi, ɗan abin da za a ƙaru da shi kuwa sai inji ya kai maƙurar gudu, inda ramukan titinmu ba sa barin kowa ya kai. Magabata dai sun riga sun faɗa, Allah gafarta malam, tusa ba ta hura wuta. Wata fitila ruwan ɗorawa da ta kama a gaban direba, ita kuma aka rufe ta da baƙin salatif, aka huta. Batun mai ba sai na tsawaita ba, domin tun da aka janye tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023, duk mai taka totur don nishaɗi ya san wanda ke biya.

Dattawan unguwa suka ɗauki mas'alar a dakalin masallaci bayan La'asar. Wani ya ce makaruhi ce, wani ya ce ta wuce nan tunda ta taɓa haƙƙin maƙwabci, ga mai jego ga marar lafiya, liman kuwa ya ce shi abin da ya fi ba shi tsoro riya, domin ibada ma in aka yi ta don a ji ta ɓaci, balle hayaƙi. Ladan kaɗai ya nemi a yi sassauci, bisa hujjar cewa sahun Asuba ya ƙaru. Duk wannan a gabana ake yi, ana satar kallona, ɗan kuka ya jawo wa uwarsa jifa.

Amma abin da fatawa ta kasa, salansar da kanta ta yi shi. Mai shayin da ke bin sa bashi ya daina yawon nemansa, sai ya kasa kunne kawai. Mahaifin yarinyar da yake zuwa zance wurinta ya san sa'ar isowarsa da ta tashinsa ba tare da ya leƙo ba, ya kuma san daren da motar ta yi ruri a wani layin da ba nasu ba. Ni ma da na sa dokar rufe ƙofa ƙarfe goma na sami mai gadi kyauta.

Shekaranjiya wajen ƙarfe ɗaya na dare na fito alwala, sai na ji takun mutum da nishi a waje. Na leƙa ta kafar ƙyaure, ga ɗan ƙanwata ya kashe inji tun daga bakin kwalta, ya tuɓe takalmi ya ɗora a kan mota, hannu ɗaya a sitiyari kafaɗa a jikin ƙofa, yana turo zakinsa a hankali, yana yi wa karen maƙwabta alama da ya yi shiru.